Tumatir a Buhu da Bokiti: Daga Zaɓen Iri Zuwa Tsinka

Duk shekara, da zarar bazara ta kankama, sai tumatir ya fara ƙaura daga kasuwa. Kwandon da ake roƙon mai saye ya ɗauka a watan Fabrairu shi ne ke gagarar talaka daga Mayu zuwa Yuli, uwargida ta koma wa kauɗa da na leda, miya ta sauya launi. A lokacin ne mutane da yawa ke tuna cewa akwai ɗan fili a tsakar gida, ga tsohon bokitin fenti, ga buhun da shinkafarsa ta ƙare. Sai a matse ruɓaɓɓen tumatir a cikin ƙasa, a yi ta ban-ruwa safe da yamma. Ya tsiro, ya yi kore shar, ya yi fure, furen ya kaɗe, daga baya ganyen ya nannaɗe. Daga nan sai a yanke hukunci, a ce wance ba ta da hannun shuka, ko ƙasar gidan ba ta karɓar tumatir. Wannan hukunci yana ci mini rai, domin yana sa mutane su haƙura da abin da ba ya fin ƙarfinsu. Galibi matsalar ta auku tun kafin tsiro ya leƙo, daga irin da aka zuba da kuma watan da aka zuba shi.

Asalin tumatir daga yammacin Amurka ta Kudu yake, yankin tsaunukan Andis. Mutanen Meziko ne suka mai da shi amfanin gona, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu duniya. Har yau bai bar halinsa na farko ba: yana son yini mai ɗumi da dare mai sanyi-sanyi. Ganyensa yana iya jure zafi, furensa ne mai rauni. Idan zafin yini ya haura digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, dare kuma ya ƙi hucewa, garin da ke cikin furen, wanda shi ke ƙulla ɗa, sai ya lalace, furen ya bushe ya faɗi. Duk wanda ya san Afrilun Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya san zafin yini kan taɓa digiri 40. Wannan ne ya sa tumatir ya zama amfanin hunturu a ƙasar Hausa. Manoman Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, masu shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, suna reno a ƙarshen damina, furensu ya fito cikin sanyin Disamba da Janairu, kasuwar Kwanar Gafan ta cika maƙil da kwanduna har zuwa Maris. Bayan nan zafi ya hana fure zama, damina ta biyo da cututtukanta, farashi ya tashi. Mai son shuka a gida shi ma wannan yanayin ne ke hukunci a kansa.

Lissafin ba shi da wuya. Daga zuba iri zuwa dashe mako uku ne zuwa huɗu, fure ya biyo kusan wata guda bayan dashe, nunanne na farko kuma ya samu kwana 60 zuwa 75 daga ranar dashe, gwargwadon iri. Ke nan wanda ya zuba iri a ƙarshen Fabrairu ya haɗa furensa da tsakiyar zafin Afrilu. Lokuta biyu ne masu kyau: daga Oktoba zuwa farkon Disamba, sai kuma daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni don amfanin damina. A ganina, sabon shiga ya fara da Oktoba. Gaskiya ne tumatirinsa zai nuna a lokacin da ya fi araha a kasuwa, amma a wannan zangon ne shukar ke yafe kuskure, mutum ya koyi ban-ruwa da taki cikin sauƙi. Ribar bokiti ta sosai tana damina, kuma ita ce mai buƙatar a san abin da ake yi.

Maganar iri ce ta fi buƙatar a tsaya a kai. Tumatirin da ya cika kasuwanninmu a rani, mai siffar ƙwai, mai tauri da ƙarancin ruwa, dangin Roma VF ne da UC82B da Rio Grande da wanda 'yan kasuwa ke kira UTC. Roma a Amurka aka fitar da shi a 1955. UC82 kuwa aikin Jami'ar Kalifoniya ne na shekarun 1970, an tsara shi don kamfanonin tumatirin gwangwani: ya zama gajere, ya nuna kusan lokaci guda, ya jure girbin inji. Waɗannan halaye ne suka sa ya karɓu wajen manominmu, domin tumatirin da za a danna a kwando, a ɗora a babbar mota, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, dole ya zama mai ƙarfin fata. Buƙatar uwargida dabam take. Tumatirinta daga bokiti zuwa madafa zai je, kuma ta fi son biyar yau, shida jibi, na tsawon watanni, a kan kwano guda a mako ɗaya. Ga shi kuma waɗannan ire-iren ba a yi su don ɗumi da laimar damina ba. Wanda ya matse su a bokiti a watan Yuni ya ɗauki irin rani ya jefa shi cikin yanayin da ya fi ƙi.

Ta fuskar girma, tumatir kashi biyu ne. Akwai mai tsayawa, wanda idan ya kai wajen ƙugun mutum sai kansa ya ƙare da fure, ya zuba 'ya'yansa cikin 'yan makonni ya gama. Akwai mai yaɗo, wanda ba ya daina tsawo muddin yana da rai, yana fure yana 'ya'ya hawa-hawa, har ya wuce tsayin mutum. Mai tsayawa ya fi dacewa da ƙaramin mazubi da ƙarancin kulawa. Mai yaɗo yana son babban mazubi da dogon turke ko igiya, kuma a riƙa cire 'yan rassan da ke tohowa tsakanin kara da ganye, a bar masa kara ɗaya ko biyu. Kada a yi wa mai tsayawa wannan aski, domin a jikin rassan nan 'ya'yansa suke. Bayanin kowane iri yana rubuce a jikin ledarsa ko gwangwaninsa, kuma ya kamata a tambayi mai shago kafin a biya.

Akwai wasu baƙaƙe a jikin ledar da mutane ba su cika kula da su ba, alhali su ne rabin kuɗin irin. V da F suna nufin irin yana jure wasu cututtukan yaushi biyu da ke zaune a cikin ƙasa, N yana nufin yana jure ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, TY ko TYLCV yana nufin cutar nannaɗewar ganye, BW kuma cutar da ke sa shuka ta yanƙwane dare ɗaya tana kore. Mai shukar damina biyun ƙarshen zai fi nema, tare da bayanin cewa irin yana jure zafi. Padma F1 da Platinum F1 na kamfanin East-West Seed, da Cobra F1 da Mongal F1 na Technisem, suna cikin waɗanda aka sani da wannan aiki a Afirka ta Yamma. A Nijar kuma cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa wani iri mai suna Icrixina musamman saboda damina. Irin haibirid, wato mai alamar F1, yana da tsada idan gona za a shuka, amma giram ɗaya na irin tumatir ya ƙunshi ƙwaya wajen 300, mai bokiti goma kuwa ƙwaya 20 ta ishe shi. Maƙwabta huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su sayi ƙaramar leda guda su raba.

Alamar F1 tana da wata ma'ana da ya kamata kowa ya sani. Tana nufin an aura iri biyu dabam-dabam, ƙwayar da ke cikin ledar ita ce 'yarsu ta fari, mai ɗauke da kyawawan halayen ɓangarorin biyu. Idan aka ajiye ƙwayar 'ya'yanta aka sake shukawa, halayen sai su rarrabu: wani gindi ya yi dogo, wani gajere, wani ya rasa juriyar cutar da aka sayi irin dominta. Zai tsiro, zai yi 'ya'ya, amma ba a san me za a samu ba. Irin da ba na aure ba, kamar Roma VF da UC82B da Icrixina da na gida masu sunaye irin su Ɗan Siriya da Tandino, shi ana iya ajiye shi shekara da shekaru, saboda furen tumatir kansa yake yi wa barbara, bai cika gauraya da na maƙwabci ba. Matsalar tumatirin kasuwa ita ce babu wanda zai iya duban ɗa ya ce F1 ne ko ba shi ba ne, kuma wanda aka fi matsewa a ƙasa shi ne ruɓaɓɓe, mai yiwuwa da cuta a jikinsa.

Ina da ra'ayi na musamman game da ɗan ƙaramin tumatirin nan da kan fito da kansa a bakin rariya ko kan juji, mai 'ya'ya ƙanana masu ɗan tsami. Ana raina shi, amma ƙananan iri sun fi manya ƙulla 'ya'ya a cikin zafi, kuma wanda ya rayu ba tare da kowa ya kula shi ba ya nuna ƙarfinsa. Duk gidan da ke shuka a bokiti ya dace ya ajiye gindi ɗaya ko biyu na irinsa, domin a ranar da manyan suka kaɗe fure shi ne zai ba da abin jajjage.

Ajiye iri kuwa ga yadda ake yi. A zaɓi nunannen ɗa daga gindin da ya fi lafiya, a matse ƙwayar da ruwanta a kofi, a bar ta kwana biyu, ko uku idan ana sanyi, har ta yi tsami. Tsamin ne ke narkar da yauƙin da ke lulluɓe da ƙwayar, wanda ke hana ta tsiro, yana kuma rage wasu cututtuka. A zuba ruwa a wanke. Mai kyau za ta nutse, marar kyau ta taso a zubar. A shanya a inuwa ta bushe sarai, a sa a takarda cikin kwalba mai murfi, a ajiye a wuri mai sanyi. Idan ba ta sha laima ba takan yi shekara uku zuwa huɗu da ranta.

Reno ba ya son gaggawa. Robar yogot ko kofin roba da aka huda gindinsa ya isa, a cika da ƙasa mai laushi da aka tankaɗe. Zurfin rabin santimita zuwa ɗaya ya wadatar, domin ƙwayar ƙarama ce, idan aka binne ta da nisa ƙarfinta zai ƙare kafin ta kai sama. A sa biyu a kowane kofi, cikin kwana biyar zuwa goma za su fito, a cire mai rauni. Abu biyu ke kashe reno a gida. Na farko yawan ruwa, wanda ke sa gindin tsiron ya tsuke ya ruɓe daidai bakin ƙasa, a wayi gari ya kwanta. Na biyu inuwa. Don tausayi sai a ajiye shi a lungu ko a ɗaki, ya yi ta miƙa wuya yana neman haske, ya fito siriri marar ƙwari. Daga ranar da ya tsiro yana son ranar safe sosai. Tsiron da ya isa dashe shi ne gajere mai kauri, mai ganye huɗu zuwa biyar ban da biyun farko. A dasa da yamma, a binne karan har kusa da ganyen ƙasa, saboda karan tumatir yana fitar da sabuwar saiwa a duk inda ƙasa ta taɓa shi.

Game da mazubi, kuskuren da aka fi yi shi ne ƙanƙanta. Gwangwanin madara ko ƙaramar tukunyar fure za ta riƙe tumatir har ya yi fure, daga nan abinci da ruwa su gaza. Gindi ɗaya yana buƙatar aƙalla lita 15 zuwa 20: bokitin fenti babba, jarkar mai ta lita 25 da aka yanke bakinta, buhun shinkafa ko na siminti da aka naɗe bakinsa zuwa rabi, ko tsohuwar randa mai tsaga. Gindi ɗaya a mazubi ɗaya, ko da ido na ganin akwai sauran wuri. A wanke mazubin tas, a guji duk wanda ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko baƙin mai. A huda gindinsa wuri da yawa, a ɗora shi kan bulo ko duwatsu don ruwa ya samu hanyar fita. Baƙar roba tana ɗaukar zafi har ta ƙona saiwa idan ranar azahar ta dake ta, don haka a naɗe ta da tsohon buhu ko a jera mazuban su yi wa juna inuwa. Buhu da tukunyar ƙasa sun fi sanyi, sai dai sun fi saurin bushewa.

Ƙasar da za a zuba ita ce babbar damar da bokiti ke bayarwa, domin manomi ba ya iya sauya ƙasar gonarsa, mai bokiti kuwa shi ke haɗa tasa. Laka zalla tana daskarewa, yashi zalla ba ya riƙe ruwa. Kashi biyu na turɓaya, kashi ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, kashi ɗaya na ɓuntun shinkafa, zai fi kyau wanda aka babbaka, haɗi ne mai kyau. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya daɗe a jibge ya ruɓe ya huce. Kada a ɗebo ƙasa daga inda aka taɓa noma tumatir ko tattasai ko attaruhu ko gauta ko dankalin Turawa, domin dangi ɗaya ne, cututtukansu ma ɗaya. Zafin bazarar da ke hana fure yana da amfani a nan: a jiƙa ƙasar, a ƙulle ta a farar leda mai nuna ciki, a bar ta a rana mako huɗu zuwa shida, yawancin ƙwayoyin cuta da tsutsotsi da irin ciyawa za su mutu kafin lokacin dashen damina.

Ban-ruwa shi ne farashin da ake biya. Shukar da ke ƙasa tana iya zura saiwa ta nemo laima, ta bokiti kuwa abin da aka ba ta kawai take da shi. Ƙasar ta zauna da damshi irin na tsumman da aka matse, ba jagwab ba, ba ƙayau ba. A cusa yatsa. Idan gaɓa biyu sun fito a bushe, a ba da ruwa har ya ɗigo ta ƙasa. A hunturu sau ɗaya a yini kan isa, idan shukar ta girma kuma zafi ya shigo sai an yi safe da yamma. A zuba a gindi, kada a jiƙa ganye, a kuma rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tumatir, wanda dogayen iri kamar Roma suka fi yi, mutane kan ɗauka cuta ce su nemi maganin feshi. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ga ɗan ba, kuma galibi dalilin shi ne yau ƙishi gobe ambaliya. Fashewar fata ma daga nan take. Ruwan wanki mai omo da ruwan rijiya mai gishiri suna taruwa a mazubi su lalata ƙasar, amma ruwan wanke shinkafa ko kayan miya ba shi da laifi.

Taki kaɗan-kaɗan ake bayarwa. Mako biyu bayan dashe, cikin ƙaramin cokali na NPK 15-15-15 a binne a gefen mazubi, nesa da kara, a maimaita bayan kowane mako biyu zuwa uku. Yuriya tana sa ganye ya yi duhu ya burge ido, 'ya'ya kuwa su ƙi zuwa.

Tumatir yana son rana ta awa shida zuwa takwas, kuma a nan ne mazubi ya fi gona, tunda ana iya ɗaga shi. A lokacin zafi a sa shi inda zai sha ranar safe, katanga ko rumfa ta kare shi daga azahar zuwa la'asar. A damina a matsar da shi bakin baranda ko ƙarƙashin rufin farar leda, inda haske ke shiga amma ruwan sama ba ya dukan ganye yana fantsama masa ƙasa, a kuma cire ganyen ƙasa don iska ta ratsa. Tsakar gida mai katanga ba ta samun iska kamar fili, shi ya sa yake da kyau da hantsi a ɗan girgiza turken, garin furen ya zubo a inda ake buƙatarsa.

Sauran maganar ta abokan gaba ce. Manoman arewa ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da suka raɗa wa suna Sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Dangote da ke Kadawa kuma ta tsaya saboda rashin abin sarrafawa. Sunanta na kimiyya Tuta absoluta, daga Amurka ta Kudu ta fito, ta shiga Sifaniya a 2006, ta gangaro Afirka. Tana shiga tsakiyar ganye ne ta ci, ta bar farin tabo mai kama da takarda, shi ya sa feshi bai cika cim mata ba. Mai kadada ba zai iya bin ganye ɗaya-ɗaya ba, mai gindi goma kuwa zai iya: kowace safiya a duba, a tsinke mai tabo a ƙona. Farin ƙudan da ke maƙalewa a bayan ganye shi ke kawo cutar nannaɗewa, kuma ya fi illa idan ya kama shuka tana ƙarama, don haka a rufe reno da yadi mai ƙananan ƙofofi, wanda zai kuma tare kaji da ƙadangaru. 'Ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa suka kwana, a tace a fesa da yamma, suna rage ƙwari da yawa. Abin da nake roƙo a guje masa shi ne fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwarin ɗaki a kan abin da yara za su tsinka su kai baki. Idan dole sai an yi amfani da maganin gona, a karanta kwanakin da aka ce a jira kafin tsinka, a cika su.

Idan gindi ya yanƙwane farat ɗaya alhali ƙasarsa na da laima, a yanki karan a tsoma a kofin gilashi mai ruwa. In aka ga wani farin abu yana zarara daga yankan kamar zare, cutar yaushi ce ta bakteriya, ba ta da magani. A cire shukar, a fitar da ƙasar daga gidan, a wanke mazubin. Da a gona ne da cutar ta zauna shekaru, a nan kuwa asarar bokiti guda ce.

Ba zan ce buhu takwas ko goma za su raba gida da kasuwa ba. Gindi mai lafiya 'yan kiloli yake bayarwa a tsawon rayuwarsa, kuma wanda ke son kada abin ya yanke sai ya riƙa zuba sabon iri duk bayan mako uku ko huɗu a cikin lokacin da ya dace. Abin da za a samu shi ne tumatirin miyar yau da gobe, wanda aka san ruwan da ya sha da abin da aka fesa masa, kuma ya nuna a jikin uwarsa, saɓanin na kasuwa da ake tsinka da sauran kore don ya jure hanya. Idan tsuntsaye sun matsa, a tsinke shi da ya fara ja, ya ƙarasa a inuwa a ɗaki. Bayan an gama girbi kada a mayar da tumatir cikin ƙasar nan take. A ƙara mata taki a zuba alayyafo ko albasa ko wake, sabon dashen kuma a haɗa masa sabuwar ƙasa.